Takardar da na zaɓa wa Baffa Hamadu

'Yan'uwa, shekaru da dama ina ba ku rabin labarin jinyata. Yau zan cika shi.

Ciwon ya fara ne a shekarar farin da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Ina gida a Gazawa na lura da jini a bayan gida. Wata biyu ina rubuta ranakun a littafi, ina jin tsoron faɗa wa iyalina.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka yanki ɗan nama. Likita ya ce: “Ciwon dajin hanji ne. Za a yi aiki, sannan ruwan magani.” Sai da muka sayar da jakinmu da amalankensa.

A gadon da ke kusa da nawa akwai Baffa Hamadu, dattijon Bafulatani daga wajen Sae Sabuwa, wanda fari ya cinye masa garke. Matarsa tana zaune a farfajiya, ƙarƙashin dogon yaro.

Wata safiya majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta kawo mini takardun tambayoyi iri biyu da aka mayar Hausa, na auna yadda mai ciwo yake rayuwa.

“Malam, kai ke karatu a ɗakin nan. Dubi wadda mutanenmu za su fi ganewa, ka riƙa karanta musu.”

Ban shiga lakol, wato makarantar boko, ba. A ƙananan littattafan yaƙi da jahilci na koyi karatu, saboda haka na ɗauki aikin da girma. Gajeruwar tana tambayar zafi, barci da tafiya. Doguwar ta ƙara da cin abinci da halin iyali.

Na zaɓi gajeruwar. Na ce wa majo ta fi tsari. Gaskiyar ita ce na ji nauyin in dubi sa'an mahaifina in tambaye shi ko yana ƙoshi.

Alhali na gani. Kullum da rana Baffa yakan juye tuwonsa a ƙwarya, ya rufe da faifai, ya miƙa wa matarsa ta taga.

Ranar tambayoyi yakan yi dariya, ya kira ni da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe.

“Kai Kaɗo, yau kuma me za ka ƙirga? Haƙorana?”

“Baffa, zafi fa?”

“Da sauƙi.”

“Barci?”

“Kamar ɗan maraƙi. Rubuta da kyau, kada majo ta kore ka daga aiki.”

Na rubuta da kyau. Takardarsa ta fi ta kowa tsabta.

Da lokacin ruwan maganinsa na uku ya yi, likita ya dubi sakamakon jini, ya girgiza kai: “Jikin nan ba zai ɗauka ba. Baba, kana cin abinci kuwa?”

Baffa ya sunkuyar da kai. Ni ma haka.

Aka ce ya jira ya murmure. Bai jira ba, ya ce ba zai bar tsohuwa tana kwana a ƙasa ba. Da zai tafi ya riƙe hannuna: “Kaɗo, ka warke, kai kana da ƙananan yara.”

Na warke. Bayan damina na je Cadakori, can wajensu, ranar kasuwa ina cigiyarsa. Wani mai sayar da awaki ya ce an yi arba'in ɗinsa.

Na san kwana na Allah ne. Amma majo tana da buhun garin kunu na marasa ƙarfi, kuma da ta sani da ta ba su. Na koma na faɗa mata komai. Ta ce za ta riƙa yin tambayar abinci da bakinta.

Ina godiya ga Allah, da iyalina, da masu jinya. Ku sa Baffa Hamadu a addu'a.

Wanda ya ga jini, ya je asibiti a makon. Kuma in kun je dubiya, kada “da sauƙi” ta ishe ku. Ku tambayi marar lafiya abin da ya ci yau, ku tambayi mai jinyarsa ma.