Simintin da Ke But ɗin Motar Chebo

Eusebio Lucero, wanda gabashin Los Angeles ta sani da Chebo, leburan magina ne. Litinin zuwa Asabar yana ɗaukar bulo, ranar Lahadi kuma ya zama attajiri, albarkacin wata tsohuwar Chevrolet da mai ita na farko ya riga ya fid da rai da ita.

Turawan unguwannin sama gyara mota suke don ta yi gudu. Mutanenmu na gabashin gari kuwa, gudu zuwa ina? Aiki ne kawai ke jiransu gobe. Sai su sauke mota har cikinta ya kusa lasar kwalta, su yi ta jan ta a hankali a titin Whittier, hannu ɗaya a taga, kowa ya kalla ya ƙoshi. Masu hankali buhunan yashi suke zubawa a but. In 'yan sanda suka matsa, don doka ta hana mota yin ƙasa haka, sai a sauke buhu, mota ta miƙe. Chebo ya ce yashi na ragwaye ne. Ya loda buhunan siminti, wai ya fi nauyi, ya fi kwanciya. Sannan kowace Lahadi ya ja tiyo ya yi wa motar wankan da bai taɓa yi wa kansa ba, ruwa na bi ta ruɓaɓɓiyar robar but yana shiga.

Da bikin cikar 'yarsa Ofelia shekara sha biyar ya zo, abu ɗaya ta roƙa: ya riƙe hannunta su shiga coci tare.

"Mu hau motar kayan amininka Nicanor, tsoho," in ji matarsa Herminia. "Wannan kunkurun naka sai an tashi zai kai mu."

"'Yata a motar albasa? Ina raye?"

Tsakanin gida da coci akwai layin dogo da ke shiga wata masana'anta. Kullum zagaye Chebo yake yi don ya kauce masa, amma ran nan lokaci ya ƙure, ga surukarsa a baya da tukunyar tamale, wato alalar masara, a cinya. Mota ta hau, ta yi ƙara, ta zauna daram a kan cikinta.

Nicanor, uban baftismar Ofelia, ya tsaya a bayansu da motar albasarsa.

"Kompadre, aminina, har an iso? Buɗe but mu zubar da yashin."

Aka buɗe. Nicanor ya ƙwanƙwasa buhu da makulli, ya ji dutse.

"Kai! Ashe gini kake a ciki. Saura rufi ku tare."

"Tun yaushe nake roƙon ka shafe mini baranda," in ji Herminia, "ashe ga inda simintin yake zuwa."

Kowa ya sauka, har tukunyar. Mota ko motsi.

"Baba, bar ta, zo mu tafi," in ji Ofelia. "Jirgi ba ya bi nan sai Litinin."

Chebo ya dubi 'yarsa. Ya dubi fentin da rana ke dukansa, ga yaran unguwa sun fara taruwa da hannuwansu masu maiƙo.

"Yi gaba, 'yata, yanzu zan same ki."

Ba ta yi kuka ba. Ta tattare farar rigarta ta hau cikin albasa. Nicanor ne ya shiga da ita coci. Shi kuwa Chebo yana kan dogo cikin kwat ɗin haya, da guduma da kurfi, har la'asar.

Daga baya samari suka fara sa famfon tsofaffin jiragen sama, su ɗaga mota su sauke da maɓalli ɗaya. Chebo ya ce motocinsu kwaɗi ne, tasa ba ta taɓa miƙe wa ɗan sanda ba. Wannan kam gaskiya ne.

Hoton bikin yana nan a falon Ofelia, Nicanor a gefenta yana washe baki. Duk sanda Chebo ya zo ziyara sai ya daɗe a gabansa, ya girgiza kai.

"Abin da ya ɓata hoton nan," ya kan ce, "babu motar."