Hannun Ɗangana

A wani ƙauye da ke bayan duwatsun Allakai aka yi Ɗangana mai zanen ƙwarya. Yau in ka je can ka ambaci sunansa, kowane tsoho sai ya gyara zama ya ce ai amininsa ne. Ƙarya suke yi, wallahi. Da ransa ko moɗar shan ruwa ba su taɓa haɗawa da shi ba.

Farfaɗiya gare shi tun yana yaro. Mutanen garin kuwa sun haƙiƙance cewa in yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka, ka ɗauka ke nan. Don haka in ta kada shi a kasuwa sai ka ga ƙatti majiya ƙarfi suna rige-rigen gudu kamar an saki kura. Mata kam ba wanda ya ba shi. Yayarsa Jaratu, wadda mijinta ya tafi cin rani Kurmi bai komo ba, ita ke dafa masa, ita ke ɗaga shi, ita ke share masa baki da gefen zanenta, kuma ko ciwon kai hakan bai taɓa sa mata ba.

Abin da ya hana Jaratu sakat shi ne sana'ar da Allah ya ba ƙanen nata, don da wuta ake yin ta. Yakan tura ƙarafa cikin kaskon garwashi har su yi jawur, ya ɗora ƙwarya a gwiwa, ya bi ta da zane yana hure hayaƙi: sawun zabuwa, ƙahon rago, zangarniyar gero. Matan Fulani masu tallan nono sukan wuce masu zanen Buza da na Madawa su zo wurinsa. Matan gari kuwa, munafukai, sai su aika a sayo musu, su dirje da toka, su kai jere suna yanga.

Ba ya hura wuta sai Jaratu na zaune dab da shi tana kaɗi, ido ɗaya a mazari, ɗaya a fuskarsa. Ta san alamar ciwon. Da zarar idonsa ya tsaya, ya fara tauna baki ba komai, sai ta ture kaskon da ƙafa ta rungume shi. Haka suka yi shekara da shekaru, ko tabo babu a jikinsa.

Ana nan, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, aka aiko cewa kumandan mai mulkin yankin zai zo rangadi da baƙi. Maigari Gado, mutumin da ko gaisuwar Ɗangana daga nesa yake amsawa, nan take ya tuna yana da gwani a garinsa. Ya ce a kawo shi zaure da kaskonsa, baƙi su iske shi yana aiki. Jaratu ta bi shi har ƙofa, maigari ya ce mace ba ta zama cikin dattawa. Ta durƙusa ta ce, "Ranka shi daɗe, ko bayan ƙyaure ne a bar ni. Ba shi zama gaban wuta shi ɗai."

Maigari ya yi dariya. "Shi ɗai? Duba zauren nan da kyau, Jaratu. Maza ne cike."

Ɗangana da kansa ya roƙe ta ta tafi. Ya saka rigar Sallarsa, baki har kunne, don tun da aka haife shi ba a taɓa shimfiɗa masa tabarma a zauren nan ba. Tausayinsa ya kama ta, ta kasa ɓata masa rana. Ta koma gindin wata bishiyar bedi da ke tsallaken fili ta zauna.

Baƙin ko ƙurar motarsu ba a hango ba sai ta ga dattawa na fitowa suna ture juna, wani ba hula, wani ba takalmi. Nuhu, ƙanen maigari, ya fito rungume da ƙoren da aka gama. Su dai ya tuna ya cece su. Ta kutsa ciki ta iske Ɗangana yana shure-shure, hannunsa na dama cikin garwashi, ƙauri ya cika zauren. Ba a samu ko namiji ɗaya da ya sa ƙafa ya ture kaskon ba.

A kan jaki ta kai shi asibiti wurin lokotoro a Buza. Ƙunar ta warke, amma yatsun sun naɗe sun manne da tafi. Ya gwada da hagu, layi ya ƙi tafiya, ya bari. Ya ƙara 'yan shekaru yana zaune a bakin danga, ya daina raha, ya daina zuwa kasuwa. Wata damina ya kwanta, bai tashi ba.

Ranar zaman makoki garin kaf ya hallara, har da masu share hawaye. Maigari Gado ya ɗaga murya yadda mata za su ji daga cikin gida, ya ce an yi babban rashi, Allah ya zuba wa marigayi baiwa a hannu. Dattawa suka amsa da ƙwarai kuwa.

Jaratu ta taso ta tsaya bayan danga. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji ta.

"Wane hannun, Maigari? Ni dai na ga hannun da aka sa a likkafani, ba shi da yatsu."