Ranar da Aka Tambayi Iya Shekarun Samari

A gidanmu na Matameye, da an kai gero rumbu sanyi ya fara leƙowa, sai a tara kara a hura wuta tsakar gida bayan an ci tuwo. Nan muke kewaye Iya, mahaifiyar babanmu. Ungozoma ce. Rabin mutanen unguwarmu ita ta yanke musu cibiya, kuma ba ta manta ko ɗaya ba.

Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta, sai ka ci tambayarta. Takan ce, "To, 'yan baki da maiƙo, wane babban mutum aka haifa ran Laraba, kakar da fari suka sauka?" Mu yi ta ihu: "Sarkin Pawa!" Ta ce, "Wace sallah ce ta faɗo ana tsakar yankan gero, har liman ya zo idi da ƙaiƙayi a wuya?" In ka faɗi daidai ta ba ka gyaɗa, in ka kuskure ta ce kanka tulu ne marar ruwa. Ni Hajara na sha wannan zagi, don bakina ya fi kaina sauri.

A lokacin Nasara sun riga sun kama ƙasa, sai ga shi sun ƙaro mana wata rana cikin ranaku. Ƙarshen kaka suke yin ta, wai tunawa da ƙarewar babban yaƙinsu. A tara gari, a ɗaga tuta, kowa ya yi tsit, mu ba mu san wa ya mutu ba. Wannan shekarar kuwa tafinta ya riga kumandan, Baturen mulki, isowa da saƙo: bayan tuta za a ɗebi soja daga samarin da aka haifa shekarar da Nasara suka shigo Damagaram. Wa ya san su? Kowa ya ce Iya. Aka gaya mata in ta faɗa, shi ke nan. In ta yi shiru, za a zaɓa da ido, mai ƙirji da tsawo.

To ga wana Sale. Bai kai waɗannan shekarun ba, da saura, amma Allah ya yi shi ƙato, dami biyu yake ɗauka. Duk wanda zai zaɓa da ido, a kansa zai fara. Gudu kuma babu. Iyakar Ingilishi ga ta nan bayan Ɗan Barto, amma gidan da ɗansu ya tsallaka, uban ake ɗaurewa a ƙone rumbu, kuma gardi, dogaran Nasara, sun riga sun zauna bakin hanya.

Ana gobe tuta, muka zauna bakin wuta kamar kullum. Iya ba ta yi tambaya ba, ba ta fito da gyaɗa ba. Ta dubi Sale ta ce, "Angona, matso kusa, ka tare mini iska." Sannan ta ce, "Ga wata tatsuniya nan, ku riƙe ta da kyau."

Wai wata tsohuwar kurciya ce a kan gawo, duk ƙwan da aka ƙyanƙyashe a bishiyar a gabanta aka yi. Ran nan shaho ya sauka ya ce, "Gyatuma, ni mai adalci ne, ba na cin sabon ƙyanƙyasa. Nuna mini 'yan bara in ɗauka. In kin ƙi, in ɗauki wanda ya fi ƙiba." Wanda ya fi ƙiba kuwa jikanta ne, ɗan bana. 'Yan bara kuma 'ya'yan maƙwabtanta ne, waɗanda ta sha ba su abinci da bakinta.

Nan Iya ta tsaya. Ta ce, "To, me kurciya za ta yi?"

Na yi caraf na ce, "Ta yi masa ƙarya mana! Ta ce duk 'yan bana ne."

"Shaho ya ce in babu ɗan bara, mai ƙibar zai yi."

Ƙanena ya ce su tashi su bar gawon. Ta ce, "Da ƙananan da ba su yi fiffike ba?" Wata ta ce kurciya ta ba da kanta. Iya ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Wa ke son tsohon nama, 'yar nan?" Muka yi ta kawowa tana rushewa, har na fusata na ce wannan ba tatsuniya ba ce, zalunci ne, a gaya mana ƙarshenta. Ta ce, "Ni ma shi nake nema." Wallahi ranar na fara jin tsoro a gaban Iya. Sale kuwa yana ta tura kara cikin wuta.

Da hantsi aka ɗaga tuta, aka yi tsit ɗin, aka jera samari, aka kira Iya. Ta faɗi gaskiya, ba ta ƙara kowa ba, ba ta rage kowa ba. Cikin waɗanda ta ambata har da Nomau, ɗa ɗaya tilo na Ladi, maƙwabciyarmu da darni kawai ya raba mu, wadda kullum muke ɗebo wuta a murhunta. Sale ya kwana gida. Nomau ya tafi, kuma ko labarin kabarinsa bai dawo ba.

Daga nan Sale ya ɗauki noman gonar Ladi. Duk damina sai ya gama nome tata kafin ya taɓa tamu, da kaka ya kai mata har rumbu. Tana karɓa, ba ta cewa sannu. In ta haɗu da Iya a hanyar rijiya sai ta sunkuyar da kai ta wuce.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar nan tana da amsa, mu ne ba mu da wayon gano ta. Sai da na haifi nawa, na yi jikoki, na gane cewa Iya ba koya mana take yi ba. Ta duba ko'ina ba ta ga ƙofa ba, shi ne ta zo wurin yara, ko Allah zai sa wani bakin da bai san komai ba ya faɗi abin da ya ɓace mata. Har yau ina jin ciwon cewa ba mu iya ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Iya, ina zaune ina yi mata fifita sai ga Ladi ta shigo, ta tsufa ita ma. Ta zauna bakin tabarma. Iya ta ce, "Ladi, ki yafe mini."

Ladi ta kama hannunta ta ce, "Iya, ba ƙinki nake yi ba. Da ni aka tambaya, da Sale zan nuna in bar nawa. Shi ya sa duk shekarun nan na kasa kallon idonki."