Gurbina a Gwadon Inna

A ranar Asabar ta biyu cikin watan Satumban bara, 'yata Bilkisu ta ɗauke ni a mota daga gidanta da ke unguwar Sedgefield zuwa wani baje-kolin sana'o'in hannu a tsakiyar birnin Greensboro, a ƙasar Amurka. Ban so zuwa ba, domin ƙafafuna ba sa jure tsayuwa yanzu, amma ta ce zaman ɗaki ya yi mini yawa. Muna ratsa rumfuna sai wani sauti ya tsayar da ni: bugun katako a kan katako, a natse, sau uku a jere sannan a ɗan dakata. Na bi shi har wata rumfa, inda na tarar da wata mata kakkaura zaune a kan tabarma, tana dukan wani farin abu mai laima da guduma ta itace a bisa gungume. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki ina shugabar makarantar 'yan mata, saboda haka da ta ce daga Fiji take, ban buƙaci a nuna mini taswira ba. Abin da ban taɓa sani ba shi ne ana yin tufa da ɓawon itace.

Ta yi mini bayani cikin fara'a. Sukan sare wani siririn itace, su ɓare ɓawonsa na ciki, su jiƙa, su kankare, sannan su yi ta bugu har abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba ya baje ya zama ƙyalle. Masi suke kiransa. Mahaifiyarta da ƙannenta mata da wasu maƙwabta ne ke bugawa a ƙauyensu, su yi masa zane da baƙi da ruwan ƙasa, su aiko mata, ita kuma ta sayar a nan. Ta ce da wannan aiki matan suka tsaya da ƙafafunsu. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta dube ni kamar na tambayi wanda ya koya mata tafiya.

"Mahaifiyata mana," in ji ta. "Ke fa, me taki ta koya miki?"

Bilkisu ta riga ni amsawa, da alfahari, cewa ai mamanta shugabar makaranta ce. Ni kuwa bugun gudumar nan ya riga ya mayar da ni gidanmu.

An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Funtuwa, inda auduga ce arzikin kowa. Gidanmu na ƙasa ne, da zaure ɗaya, da rumbu biyu, da bishiyar ɗurumi a tsakar gida wadda inuwarta ke rufe ƙofar ɗakin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Mu uku ne mata a wurinta: Yaya Hansatu, sai ni, sai ƙanwarmu Ladi. Idan kaka ta yi, auduga ta fashe, mukan bi Baba gona da kwanduna mu yi ta tsinka, ƙwasfarta na soke mana yatsu, muna gasar wadda kwandonta zai fara cika. Yawancinta a kai kasuwa, amma Inna takan zaɓi mafi tsawon gashi ta ɓoye a cikin tukunya. Bayan azahar, idan an gama daka da ɗiban ruwa, sai a shimfiɗa tabarma a gindin ɗurumin. A nan ake gurza auduga da ɗan ƙarfe a kan dutse har angurya ta fita, a shiɓe ta da baka ta yi laushi, sannan a ɗauki mazari a shiga kaɗi. Matan maƙwabta sukan shigo da taskirorinsu, hira na tafiya, mazarai na juyawa a cikin 'yan ƙoƙuna. Ni da Ladi aikinmu tsince angurya da korar awaki, muna yi muna satar wasan carafke da 'yan duwatsu.

Inna ba a kaɗi kaɗai ta tsaya ba, masaƙiya ce. Masaƙarta a jingine take da bangon ɗaki, tana zama a gabanta ta miƙe ƙafafu, ta zura zare, ta danne shi da wani katako mai faɗi kamar takobi. Sau uku take bugawa, ta dakata. Gwadonta har daga wasu ƙauyuka ake aiko a saya, kuma da shi ta yi mana tufafi, ta sayi tumaki, ba ta taɓa jiran Baba ya ba ta na sabulu ba. Tana da wata al'ada da ta gada daga tata uwar: duk yarinyar da ta fara kaɗi, zarenta na farko ba a sayarwa, ba a yarwa, komai muninsa. Sai a rina shi a ajiye, a saƙa shi a bakin gwado, domin a san yarinya ta shiga sahun mata masu aikin hannu. Na Yaya Hansatu shuɗi aka rina shi, tun ban yi wayo ba.

Ni ce kaɗai aka sa a makarantar boko a gidanmu, kuma na ɗauki abin da girma fiye da yadda ya kamata. A makaranta muna jeruwa da safe a duba mana farce da kitso, mu share fili da tsintsiyar kaba, mu haddace sunayen koguna da tsibirai. Ranar Laraba Malama takan raba mana zaren kanti mai santsi, launi-launi, mu yi ɗinkin furanni a kan farin ƙyalle. Tun daga nan na fara ganin zaren gidanmu kamar igiya. A hutun ƙarshen shekarar da aka ba ƙasarmu mulkin kai, ina da shekara goma, Inna ta kira ni gindin ɗurumi, ta miƙo mini sabon mazari da ɗan curin audugar da aka shiɓe, ta shafa mini alli a yatsu. Na yi ƙoƙari na yini ɗaya. Zaren ya fito wani wuri kauri, wani wuri siriri, yana tsinkewa. Yaya Hansatu ta ɗaga shi sama tana dariya, ta ce, "Wannan ai ko akuya ba za a ɗaure da shi ba, 'yar boko." Ni da ke zuwa ta ɗaya a aji ban saba a yi mini dariya ba. Na warware abin da na kaɗa, na jefa a murhu, na kakkaɓe hannuna, na ce wa Inna Malama ta faɗa mana nan gaba inji ne zai yi duk wannan wahala.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mazarin ta saka a taskirarta, ta ce, "To, Hauwa'u, idan injin ya zo sai ki tambaye shi ko ya san sunanki."

Shekara bakwai bayan haka, ranar da zan tafi kwalejin horon malamai, ta miƙo mini gwado fari sol, mai nauyi. A bakinsa akwai layi shuɗi na Yaya Hansatu, da layi ja na Ladi, wadda ta riga ta ƙware. Tsakaninsu kuwa ta bar faɗin yatsa biyu ba saƙa, zaren tsaye kawai, kana hango haske ta ciki. "Ga gurbinki nan," in ji ta. "Duk ranar da kika kaɗa, basilla ma ta isa a cike shi." Ta haɗa mini da mazarin. Na karɓa da ladabi, na sa a ƙasan akwati, ina cewa a raina akwai lokaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganata ta tabbata. Inji ya zo, atamfa da bargon kanti suka cika kasuwa, masu aiko sayen gwado suka ragu har suka ƙare. Wata shekara da na je hutu na tarar an mayar da itatuwan masaƙar Inna shingen kaji. Inna ta rasu, Yaya Hansatu ta bi ta, Ladi ma yau shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Injunan da na yi taƙama da su kuwa, yawancinsu sun yi shiru, can gida da kuma nan garin, wanda aka ce mini dā garin masaƙu ne.

Da muka dawo daga baje-kolin na buɗe akwati na fito da gwadon da mazarin. Na roƙi Bilkisu ta samo mini auduga mai angurya, domin in kaɗa zaren da zan cike gurbina. Ta samo a wani babban kanti a titin Wendover, reshe guda da ƙullayensa, wanda ake sayarwa don a sa a tulun ado a falo. Mako uku ina zama bayan azahar ina gwadawa. Na tuna yadda ake zama, na tuna ƙoƙon, har waƙar da matan ke yi na tuna. Amma yadda yatsa ke sakin auduga daidai da juyin mazari, wannan ba a kai yake zama ba, kuma yatsuna sun riga sun sandare. Na tambayi matan da muke haɗuwa da su a masallaci ranar Juma'a, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Kowacce ta ce kakarta ta iya.

"Mama, kina wahalar da kanki," in ji Bilkisu, da ta ga auduga a warwatse a kan kafet. "Bari in yi miki odar zaren hannu ta waya, kwana biyu ya iso. Wa zai gane?"

Na ce mata ta bari. Ba ta fahimta ba, kuma ba laifinta ba ne, tunda abin da ban karɓa ba ba ni da yadda zan miƙa mata.

A dā, a gindin ɗurumi ɗaya, mata goma na kaɗi, ina tsaye a kansu ina raina su. Yau na ƙetare teku, ina da takardun yabo a bango da ɗalibai a ƙasashe da dama, amma ba ni da wanda zai kama hannuna ya nuna mini abin da yarinya 'yar shekara bakwai ta iya a gidanmu. Matar nan ta Fiji na can tana bugun ɓawonta, sau uku ta dakata, uwarta na amsa mata daga wancan gefen duniya. Ni kuwa na ninke gwadon na ajiye a ƙarshen gadona, na faɗa wa Bilkisu idan na tafi kada kowa ya cike wurin. Inna ta bar mini faɗin yatsa biyu, shekara kusan sittin ba su ishe ni ba.