Ɗan Akwatin da Ya Rage wa Maigidana Gudu

Maigidana mutum ne mai sanyi a komai, in ban da bayan sitiyari. A gida sai ka yi ta kiransa kafin ya ɗago kai daga kofin shayi, in zai tafi masallaci kuwa kamar mai tausayin ƙasa. Amma da zarar ya murɗa makulli ya ji injin ya amsa, shi ke nan, wani mutum ne daban. Fasinja yake ɗauka daga tashar Bab Makka da ke Jidda zuwa Makka a wata doguwar mota 'yar Amurka mai ruwan madara, kuma duk direbobin tashar sun san ba a shan gabansa a hanya. Shi abin taƙama ne a wurinsa. Ni kuwa a kan wannan hanyar yayana ya rasu tun ina budurwa, babbar mota ta kife da shi. Duk safiyar da maigidan ya fita daga lungunmu na Sharafiyya sai in leƙa ta taga in bi motar da ido, ina jin kamar ba zan ƙara ganinta ba.

Magana dai na yi ta har bakina ya gaji. In na ce ya rage, sai ya ƙara taka ta, yana murmushi, wai ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba me na sani. Murur, wato 'yan sandan hanya, sun tare shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har akwai lokacin da suka riƙe shi ya kwana a wurinsu. Na ce alhamdu lillahi, ko yanzu zai yi hankali. Ina! Fitowa ya yi yana tunanin yadda zai riƙa ganinsu kafin su gan shi.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka buɗe, Jidda ta cika da baƙi da ƙarar gine-gine. Wata rana ya shigo gida da fara'a kamar an yi masa albishir da Aljanna, riƙe da wani ɗan baƙin akwati da bai fi gwangwanin kifi ba, da 'yar fitila ja a goshinsa da igiyar wuta tana reto. Wani Bature mai aikin gini da zai koma ƙasarsu Amurka ne ya sayar masa. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani: wai a can 'yan sanda suna da na'ura mai harbo wani abu da ido ba ya gani, ta auna gudun mota tun daga nesa, shi kuma wannan akwatin yana jiyo na'urar tun kafin a iso, sai ya yi kuka, direba ya rage gudu, ya wuce su salin-alin.

Na ce, “To, maigida, nan Amurka ce?”

Ya ce, “Duk abin da ya je Amurka yana hanyar Jidda. Ke dai zuba ido.”

Wallahi na tsani akwatin nan tun ban ji muryarsa ba. A ganina an ba mai gudu lasisin ƙara gudu ne kawai.

Ranar Juma'a da la'asar ya ce in sa abaya mu je shan iska bakin bahar, wato teku. Ya ɗora akwatin a gaban gilashi, ya cusa igiyar a ramin kunna sigari, muka ɗauki hanya yadda ya saba, gidaje suna wucewa fuu. Muna dosar wajen tashar jiragen ruwa sai abin ya yi ɗit, ya yi shiru, ya sake yin ɗit, ɗit, kamar ɗan tsakon da ya ɓata wa uwarsa. Fitilar ta kama ƙiftawa. Nan take maigidan ya ɗage ƙafa. Motar ta lafa, ta koma tafiya a hankali, shi kuma yana ta waige-waige.

Na ce, “Ina murur ɗin?”

Ya ce da raɗa, sai ka ce za su ji shi, “Sun ɓuya. Ai ba za su tsaya a fili ba.”

Ni dai ban ga ko hular ɗan sanda ba. Bahar na gani. A Jidda aka haife ni, amma ban taɓa ganinta haka ba, don a motar maigidan gari zane ne kawai da ake ja ta gefen ido. Ran nan sai ga ruwa shimfiɗe, ya yi launin madarar da aka ɗiga wa shuni, ga jirage jere can nesa, ɗaya bayan ɗaya har inda ido ya ƙare, suna jiran a ba su wurin sauke kaya. Hazo ya ɗauke gindinsu, sai ka rantse a iska suke rataye. Na sauke gilashi, iska mai gishiri ta shigo ta kwanta mini a fuska. Na ga mai balila, dafaffen waken nan na Larabawa, yana zuba wa wata tsohuwa a kwano, tururi yana tashi. Na ga wasu masunta suna jan raga ba sa ko magana. Akwatin yana ta ɗit, ɗit, ni kuma na jingina kaina ina ji kamar ana rarrashina in yi barci.

Daga ranar abin ya zama jiki. In mun bi ta shingen filin jirgin sama da ke bayan unguwarmu, ya yi kuka. In mun gangara bakin ruwa, ya yi kuka har ya shiɗe. A hanyar Makka ma ba ya barin mutum ya sake, da an ɗan miƙe sai ya yi ɗit, maigidan ya ɗage ƙafa yana tsaki, yana cewa ashe garin nan cike yake da murur a ɓoye, Allah ne kawai yake rufa masa asiri a da. Abokan aikinsa suka fara tsokanarsa wai ya tsufa. Shi kuwa dariya yake musu a ciki, yana ganin ya fi su wayo.

Ni ba makaranta na yi mai zurfi ba, amma ina da ido. Na lura duk inda akwatin ya buɗe baki, in na duba sai in ga jirgin ruwa, ko jirgin sama yana sauka, ko ɗaya daga cikin dogayen ƙarafan nan da aka kakkafa a kan duwatsu. Ɗan sanda kuwa mun sha wuce shi tsaye da babur ɗinsa, akwatin ko tari bai yi ba. Na gane sarai, na kuma ja bakina na yi gum. Me zai kai ni? Abin da na yi shekaru ina roƙo ban samu ba, ga gwangwani ya samo mini a banza. Har 'yar riga na ɗinka masa da ragowar atamfa don kada rana ta dafa shi, kullum da safe kafin a fita ni nake goge masa ƙura.

A cikin watannin nan na samu ciki na fari, kuma su ne watannin da na fi jin daɗi a zamana da shi. Yamma ta yi mu fita, motar tana tafiya kamar kwalekwale, jiragen can suna kunna fitilunsu ɗaya bayan ɗaya tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Wani lokaci in akwatin ya yi ɗit sai abin da ke cikina ya motsa, in ce a raina su biyun hira suke yi. Har mafarkinsa na yi, wai ya fito da fukafukai ya sauka a kafaɗar maigidan yana tsince masa furfura. Na daina leƙen taga da safe.

Wanda ya ɓata mini lissafi wani abokinsa ne, cikin Hausawan Sudan, mai aiki a ƙananan jiragen da ke jawo manya zuwa bakin tasha. Mun rage masa hanya ne ran nan, yana gaba ina baya. Akwatin ya yi kukansa, maigidan ya lafa, ya ɗora yatsa a baki ya ce, “Murur.” Abokin ya dubi akwatin, ya dubi teku, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

Ya ce, “Ya shaihu, wane murur? Ka ga sandar can da ke juyawa a kan jirgin? Ita yake ji. Da ita jirgi yake gani cikin hazo. Na filin jirgin sama ma haka, ƙarafan tarho na kan dutse ma haka. Murur ɗin garin nan da ido suke kama mutum. Wata nawa ka yi kana yi wa jiragen siminti ladabi?”

Na ji kamar in shaƙe shi ta baya da gyalena. Na ga jijiyar wuyan maigidan ta tashi. Muna isa gida ya fizge akwatin da igiyarsa da 'yar rigarsa, ya wurga saman kabad. Abokin nasa ya biyo mu shan shayi, na kawo masa ban sa sukari ba, kuma da gangan na yi.

Juma'ar da ta biyo muka shirya zuwa Makka gaida Innata. Tun daga fitarmu gari na san yau akwai magana. Maigidan ramuwa yake yi, duk ladabin da ya yi wa jirage so yake ya fanshe a yini ɗaya. Allurar gudu ta yi ta hawa. Duwatsu suka narke suka zama baƙin zane, iska tana kuka a jikin gilashi, manyan motoci muna wuce su kamar a tsaye suke. Na dafe cikina da hannu biyu. Da muka zo kwanar da aka ɗauko gawar yayana, bai ko sassauta ba.

Na ce, “Tsaya.”

Ya zaci amai zan yi, ya gangara gefe. Na buɗe ƙofa na sauka, na gyara abayata, na sa Makka a gaba na kama tafiya.

Ya leƙo ta taga. “Ke, lafiya? Ina za ki?”

Na ce, “Wurin Innata. Ita da ƙafa ta zo ƙasar nan tun daga ƙasar Hausa, ta ratsa Sudan da goyo a baya. Ɗan abin da ya rage ba zai gagare ni ba.”

“Haba, ya bintil halal, yalla shigo, mutane na kallo!”

Ban ko waiwaya ba. Rana ta yi sanyi, yashi ya yi ja, inuwata ta miƙe a gabana doguwa kamar ita ke jana. Can gindin dutse wasu raƙuma suna tsaye ba sa motsi. Ina jin takuna, ina jin numfashina, sai kuma na ji ƙarar taya a kan tsakuwa dab da ni. Ashe biyo ni yake yi. Doguwar motar nan da ba a shan gabanta tana rarrafe a gefen mace mai ciki, manyan motoci suna zuwa suna danna masa oda suna kewaye shi. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi da Larabci, ya dawo Hausa. Muka yi ta tafiya a haka, ni a ƙasa shi a mota, ban san iya nisan ba, har na fara jin kamar tun da aka halicce mu a haka muke tafe.

Da ƙafafuna suka fara nauyi na tsaya na dube shi ta tagar. Na ce, “Maigida, tsoro nake ji. Kullum tsoro nake ji. Ka ji kunyar abokinka don ka yi wa jirgi ladabi, ni fa? Gwangwani ya yi ɗit ka ɗage ƙafa, ni na yi shekaru ina kuka ba ka ɗage ba. Ba na son in haifi maraya.”

Ya kashe motar. Wurin ya yi tsit, sai ƙarfen injin da ke ɗan ƙas-ƙas yana hucewa. Ya miƙo hannu ya buɗe mini ƙofa, ya nuna agogon gudun da yatsa.

Ya ce, “Halas, shi ke nan. Nuna mini inda kike so ta tsaya.”

Ni ban san lambobin nan ba. Na shiga, na laluba jaka na ciro tandun kwallina, na dangwalo, na ja baƙin layi a kan gilashin agogon, daidai inda na saba ganin allurar in muna bakin bahar, na ɗan ƙara masa kaɗan don kada a ce na cika zalunci. Ya dubi layin ya ce, “La haula, a nan? Sai gobe za mu isa.” Na ce gobe ma rana ce.

Ya tayar da mota muka hau kwalta. Wata tsohuwar motar ɗaukar tumaki ta zo ta wuce mu, direban har da ɗaga masa hannu. Ina kallon maigidan yana cije leɓe, gumi yana bin gefen kunnensa. Allurar ta hau, ta hau, ta zo dab da kwallin tana karkarwa, ta tsaya a nan har muka hango fitilun Makka.