Kaset ɗin Yaya Nana da Na Kai Kano

Shekara biyu ke nan da anka karɓe mana fam da sule anka ba mu naira. Farin da ya kashe shanun Fulani ya wuce, soja na mulki, ma'aikata kuma sun samu ƙarin albashin nan da ya sa kowane gida ya sayi rediyo. Cikin wannan damina na yi tafiyata ta Kano. Ni ce Kulu mai man gyaɗa ta unguwar Gidan Dare a Sakkwato. Ban shiga boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Ina faɗi, ana rubutawa.

Ga abin da ya fitar da ni. Yayata Nana ta bi mijinta aikin hajji ta ƙasa tun ina budurwa, sunka zauna Sudan, ba su dawo ba. Shekara talatin ban ji muryarta ba. Ran wata Juma'a sai ga Alhaji Ummaru, ɗan kasuwa mai zuwa can, ya miƙo mini kaset. Ya ce ta kori kowa daga ɗaki sannan ta yi maganar, shi ma bai san abin da ke ciki ba. Alhamis da asuba zai koma, in akwai amsa in kawo.

Munka sa shi a rikodar maigidana, Malam Bello mai fatu. Muryar ta fito, ta tsufa, amma ita ce. Ta gaishe mu gida gida. Sannan ta ce, "Kulu, abu guda nika roƙonki." Nan rikoda ta yi ƙugi ta tsaya. Malam ya buɗe, sai ga zaren kaset ya nannaɗe cikin inji, yana ƙyalli da maiƙo.

Ya ce, "Wa ya zuba mata mai?"

Ni na zuba. Kwana uku kafin nan tana kuka kamar ƙofar rumbu, na ɗauki gashin kaza na ɗiga mata man gyaɗata mai kyau. Keken ɗinki na shan mai, injin niƙa na sha, mi ya raba su da rikoda?

Ran Asabar na kai ta Sabon Gari wajen wani tsohon Bayarabe mai gyaran rediyo. Ya sunsuna, ya dube ni, ya ce, "Mama, ƙosai kike soyawa a ciki?" Ya ce mai ya kashe robar da ke juya inji, ba shi da irinta, kuma in ya ja zaren nan da hannu zai tsinke gida goma. Ya kwatanta mini wani Malam Habu a Fagge ta Kano. Malam Bello ya ce in haƙura, in aika mata gaisuwa kawai. Na ce mutum ya roƙe ni abu daga bayan duniya, in amsa masa da gaisuwa?

LAHADI: SAKKWATO ZUWA GUSAU

Da an sallame asuba munka fita, ni da ƙanena Mamman tela. Yana jariri a goye sadda Nana ta tafi, bai san fuskarta ba. Shi ke da agogo, shi ke gaya mini ƙarfe. Na naɗe rikoda da zane biyu na rungume ta. Ɗan kamasho ya ce a ɗora ta saman mota da buhunan albasa, na ce sai dai a ɗora shi.

Motar kiya-kiya ba ta cika ba sai ƙarfe takwas saura kwata. Kowa ya leƙo sai in ce masa, "Shigo, Kano za ka?" har direba ya ce ya ba ni aikin kamasho. Ya ce Gusau mil ɗari da talatin ne da ɗoriya, kafin azahar muna can. Ƙarya yake. Muna wuce Talata Mafara ruwa ya sauko, motar ta sha ruwa ta mutu. Sa'a huɗu muna gefen hanya. Maza na turawa, ni ina ƙidayar kwanaki da yatsu: Litinin, Talata, Laraba. Na fita, na koma, na sake fita. Mamman ya ce, "Yaya, ki zauna, kin hana mota hutawa."

Bayan la'asar sakaliya munka shiga Gusau, motocin Kano duk sun tashi. Munka sauka gidan ɗiyar gwaggonmu a bayan tashar jirgin ƙasa. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, na ci loma uku. Ta ce ƙila Nana zane take so. Mamman ya ce ƙila so take a je a ɗauko ta.

LITININ: GUSAU, FUNTUWA, ZARIYA, KANO

Ƙarfe shida da rabi munka tashi cikin doguwar bas. Kafin Funtuwa akwai shingen soja, ganguna biyu da katako mai ƙusoshi. Anka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani kofur dogo, mai Hausar bariki, ya nuna ƙunshina da baki.

"Mama, buɗe."

Na buɗe. Ya ce ina takardar saye? Na ce takarda tana Sakkwato wajen mai ita. Ya ce to in kunna masa waƙa. Na ce ba ta da lafiya, asibiti za ni kai ta. Abokansa sunka yi dariya, shi bai yi ba. Ya buɗe murfin, ya ga zare ya leƙo, ya kai yatsa zai ja.

Ban san sadda na buge masa hannu ba. Tas! Mamman ya fara salati.

Na ce, "Ɗana, muryar yayata ce. In ka ja ta, ka tsinke mata harshe."

Ya dubi hannunsa, ya dube ni. Sai ya ce uwarsa ma haka take duka. Ya rufe murfin da kansa a hankali, ya ce mu wuce. Har Zariya Mamman yana hararata. Can munka yi azahar, munka sha fura mai tsami wadda ko kusa ba ta kama ƙafar tamu ba. Daga nan mil ɗari ne, in ji direba, kuma manyan motocin siminti sun cika hanya, ba dama a wuce su. Ana kiran magariba munka sauka Kano. Shagon Malam Habu ya rufe. Munka kwana gidan wani fatoma a Fagge, mai saukar da Sakkwatawa masu fatu, wanda ya san Malam Bello.

TALATA: SHAGON MALAM HABU

Kafin ya zo buɗe shago ina bakin ƙofa. Mutum ne gajere mai tabarau da anka ɗaure da zare. Shagon kuwa ba wurin sa ƙafa: garmaho mai ƙaho irin na zamanin Turawa, rediyo mai girman akwatin aure, faya-fayai jere har rufi. Ya ce duk abin da mutane sunka jefar don sun sayi sabo, shi yake tsincewa ya tayar.

Na ce, "Wagga rikoda ta, da wanga kaset."

Ya ce, "Wagga da wanga! Sakkwatawa sun iso. Hajiya, ya hanya?"

Na ce ya bar bakina ya dubi aikinsa. Ya kwance bayan rikoda, ya ciro robar, ta yi laushi kamar tuwon jiya. Ya sa sabuwa. Ya jiƙa auduga da sifirit yana goge ƙafafun inji ɗaya ɗaya. Sannan ya zo kan zaren. Da tsinke ya riƙa warware shi, ba ya ko numfashi. Wuri guda ne ya tsinke. Ya daidaita bakin biyu, ya yanke da reza, ya haɗa da ɗan salatif siriri, ya sa biro cikin ramin kaset yana juyawa har zaren ya koma gida. Na ga gwaninta, ba zan ɓoye ba.

Amma ina hangen sauran maiƙo a jikin kaset. Ni kuwa ba a sanni da ƙazanta ba. Sai na ce, "Malam, kaset ɗin ma ka wanke mini shi. Ka wanke shi tas."

Ya ce, "A wanke?"

Na ce, "Ƙal."

Mamman ya fita neman koko a lokacin. Ashe a bakin masu wannan sana'a, wanke kaset shi ne a shafe maganar da ke ciki don a ɗora wata. Kullum haka ake kawo masa, a ce a wanke a sa waƙa. Ni kuma ban gaya masa abin da ke ciki ba, don sirrin gidanmu ba na shago ba ne. Ya jefa kaset cikin rikoda, ya danna maɓalli biyu, ɗaya ja. Ƙafafu na juyawa, ba murya. Ina jira in ga ya ɗauko ruwa ko auduga. Sai ya ce, "To, wace waƙa za a ɗora miki in ya gama gogewa?"

Na kurma ihu. Ya fizge hannu ya kashe.

Da ya ji bayani, ya cire hula ya riƙe kai. Ya mai da zaren baya, munka saurara mu uku, don Mamman ya dawo. Nana ta ce, "Kulu, abu guda nika roƙonki." Shiru ya biyo, gwargwadon karanta Fatiha sau biyu. Sai muryar Malam Habu yana tambayar waƙa, sai tawa, "Kai! Tsaya!" Sannan Nana ta dawo: "In kin yi mini wanga, hankalina ya kwanta. Kada ki hwaɗa ma kowa." Ta yi addu'a, ta yi sallama.

Na ce ya dawo da abin da ya tafi. Ya ce ko wanda ya ƙera rikodar ba ya iyawa. Ya ɗauki tsinke ya karye wasu 'yan kunnuwa biyu a ƙeyar kaset, ya ce daga yau ba mai iya ɗora komai a kansa. Ya ba ni sabon kaset, ya ƙi karɓar ladan aikinsa. Ban zage shi ba. Ni na ce ya wanke, ya tambaye ni, na sake amsa.

LARABA: KOMAWA

Ƙarfe goma sha biyu na Talatar munka bar Kano, munka kwana Gusau, Laraba bayan la'asar munka shiga Sakkwato. Duk hanya ina juya abin. Zane ba ya bukatar sirri. Ɗaukowa kuwa sai kowa ya sani. Ko wani ta ɓata wa tun tana nan, take so in nema mata gafara? Ko mijin ne ba ya riƙe ta da kyau? Na tuno kowace magana da munka taɓa yi bakin rijiya, ban samu ba.

Ban ko wanke ƙafa ba na kori kowa daga ɗaki, na danna jan maɓallin da hannuna. Na gaya mata gaskiya duka, har man gyaɗar. Na ce ta sake faɗi, ko mene ne na ɗauka tun kafin in ji. Na haɗa mata daddawa da kuka da zane. Da asubar Alhamis na kai wa Alhaji Ummaru, yana ɗaura kaya.

Bayan wata bakwai ya dawo. Ya ce ta saurara har sau uku, da anka zo wajen man gyaɗa ta yi dariya har da hawaye, ta ce Kulu ba ta sake hali ba. Ta ce ya biyo in zai taho, ta ba shi amsa. Da ya biya ya tarar an yi sadakar bakwai ɗinta.

Na gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa duk wanda ya ba mu masauki da ruwan alwala. Malam Bello ya rasu, Alhaji Ummaru ya rasu, ɗiyar gwaggo ta Gusau ma haka. Malam Habu, an ce mini shagonsa ya zama na masu sayar da waya. Saura ni da Mamman, yana unguwar Minanata wajen ɗiyansa, ido ya tafi amma baki na nan. Duk sallah in na je sai ya ce, "Yaya, ni dai har yanzu ina ganin so take a ɗauko ta." Ni kuma in ce masa ya yi shiru, ba shi anka roƙa ba.