Iyakar da Kubanni Ta Shafe

Duk wanda ya sha raken fadamar Kubanni a shekarun nan ya san Malam Bahago na unguwar Limancin Kona, gajere mai faɗin kafaɗa da bakin tsiya. Fadamar gado ce. Kakansa rake ya noma, ubansa ya ƙara albasa, shi kuma ya kama tumatir da motocin Kudu suka fara lodi. Da jigo ya girma, yana jan ruwa guga-guga, har injin ban ruwa ya zo ya hutar da shi. Da rani gari ya bushe ƙayau, shi kuwa cikin kore shar yake wuni.

Maƙwabcinsa na gona Nasidi ne, aminin ƙuruciya. Kwano ɗaya suke ci da rana, suna zagin kakannin juna.

Daminar 1988 kogin Kubanni ya yi ambaliya. Da ruwa ya janye, sai ga laka baƙa wuluk, irin wadda manomi ke roƙo, amma ta shafe iyakar gonakin biyu ƙaf. Su kuwa mutanen birni ne, tun suna yara suke ji a zauren malamai cewa wanda ya ci ko taƙi na ƙasar wani, a wuyansa za a rataya masa ita ranar gobe.

Bahago ya ja baya sosai ya kafa turke. Nasidi ma ya ja baya ya kafa nasa. Tsakani ya rage fili, nan ne ma lakar ta fi kauri.

"Naka ne, shuka abinka," in ji Bahago.

"Ni za ka ɗora wa kaya a lahira? Ashe ba ka ƙaunata," in ji Nasidi.

Wasa-wasa magana ta yi tsami, har aka raba kwano. Abin ya ci Bahago ƙwarai, don wallahi ya fi son Nasidi da gonar gaba ɗaya. Ya rame, ko zagi ya daina.

Ana haka wani Bafulatani mai suna Jalo ya iso da shanu masu ƙishi. Ya tambayi Bahago ko wane ne mai filin nan na tsakani, Bahago ya ce ba nasa ba ne. Ya tambayi Nasidi, haka. To, me zai jira? Ya kora shanunsa ta ciki zuwa kogi.

Bahago ya zaburo da fartanya: "Kai, gonar Nasidi ce!"

Ga Nasidi ta can da gudu: "Gonar Bahago za ka tattake?"

Suka yi cirko-cirko, shanu na ratsawa tsakaninsu. Nasidi ne ya fara fashewa da dariya, Bahago ya zauna daɓas cikin laka yana tasa har da hawaye.

Suka bar wa shanu filin ya zama hanyar ruwa. Ran nan da rana Bahago ya turo kwano tsakiya ya ce wa Nasidi, "Matso, jikan marowata."